Hembadoon da Baƙin Littafi

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan tasha a Lafia, zamanin da jirgin Makurdi ke shigowa da hayaƙi yana baƙanta mana shanya, ya san Hembadoon. Tsohuwa ce 'yar Tibi, gajera kakkaura, doya da agushi take sayarwa a bakin kasuwa, kuma carbin 'yan coci ba ya barin wuyanta ko da wanka za ta shiga. Zana ɗaya ta raba gidanmu da nata, zanar kuma akwai huji daidai tsayin ido. Ba ni na huda ba. Na dai tarar da shi, ban toshe ba. Yaren Tibi ma a wurin hujin nan na koye shi, ba na iya mayarwa amma ba a faɗa in kasa ji.

Ibada kam Allah ya ba ta. Mu Musulmin layin mukan ce da tamu ce da liman ya shiga uku da ita. Ranar Lahadi ita ke jiran katikis, wato malamin coci, ya zo ya buɗe ƙofa. Ranar Juma'a ko romon nama ba ta sha. In ta karɓi kuɗin doya sai ta yi alamar giciye a goshi kafin ta ƙulle su a bakin zane, har masu saye suka saba suna tsayawa su jira ta gama kafin su nemi gyara.

Jika ɗaya gare ta, Iorliam, wanda aka yi wa baftisma da suna Martin. Uwarsa ta rasu yana goye, uban ya tafi aikin kuza a Jos, daga nan ba labari. Ita ta goya shi, ita ta tauna masa doya. Da yake ta daɗe cikinmu sai ta ɗauki wasan da mutanen gari ke yi da jikoki, ba ta kiransa komai sai Maigida.

"Maigida, yau ma haka za ka fita ba ka ba da cefane ba?"

"Ki daina ƙona miya tukuna, uwargida."

"Ji mini mara kunya. Zan kai ka wurin alƙali."

"Ki kai. Shi ma in ya ɗanɗana miyar ni zai ba gaskiya."

Haka muke jin su tun safe, kamar wasu sababbin aure.

A shekarar 1955 yaron ya samu shiga kwalejin horar da malamai ta 'yan mishan can wajen Makurdi. Hutun farko ya sauka daga jirgi da akwatin katako a ka, ya yi tsawo, ya rame, ga gajeren wando mai kari. Cikin akwatin akwai wani littafi mai baƙin bango. Labari ne na ƙasar Turawa, irin wanda mutum ke zama ya ƙaga, a kansa za a yi musu jarrabawa, kuma malaminsu ya ce sai sun haddace wurare da yawa a ciki. Shi kuwa Martin abu ba ya zama masa a kai sai ya faɗe shi da baki. Saboda haka kullum in la'asar ta yi sai ya fito gindin mangwaron tsakar gidansu, littafi a hannu, ya je ya dawo, ya je ya dawo, yana karantawa da ƙarfi.

To ga inda abin yake. A wancan zamani Fada, limamin 'yan coci, ba da Tibi yake addu'a a coci ba, ba da Hausa ba, ba ma da Turanci ba. Wani yare ne can nasu da ko katikis bai iya ba, mutane dai in sun ji sai su durƙusa. Kuma duk wanda ya bi ta gidan mishan da yamma ya sha ganin Fada a baranda, baƙin littafi a hannu, yana kai da kawowa, baki na motsi. Hembadoon a duk rayuwarta littafin da ta taɓa gani ke nan. A wurinta, in an ga baƙin littafi, da mutum yana zagaye, da yaren da ba a ji, to da Allah ake magana.

Ina kallo ranar. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana ɓarar agushi. Ta ɗaga kai ta dubi yaron, ta daɗe tana kallo. Sai ta ture faifan, ta goge hannu a zane, ta gyara ɗankwali, ta dafa ƙasa ta durƙusa. Gwiwar nan tata kuwa ciwo take, sai da ta yi ƙara kamar an karya kara. Martin ya juyo daga wancan gefen ya gan ta, ya tsaya cak da baki buɗe. Tana jin ya yi shiru ta ce, "Amin."

Na ga dariya ta taso masa har wuya. Na ga kuma ya haɗiye ta, don fuskar tsohuwar nan a lokacin, in ka gani, ba za ka iya ba. Idonta a rufe, hawaye na bin kumatu, tana godiya a hankali cewa ta rayu har ta ji jininta yana yin maganar Fada a tsakar gidanta. Ya dubi littafin, ya dube ta. Ya ɗan yi gyaran murya kamar zai ce wani abu. Sai kawai ya ci gaba da karatu.

Da daren nan aka yanka kaza.

Kada a ɗauka yaron mugu ne. Ya ji daɗin kazar, wannan gaskiya ne, ya kuma ji daɗin yadda aka daina aikensa rijiya. Amma ni da nake gani kullum na san ba shi ke nan ba. Karatun nasa ma ya canza. Da can jero kalmomi yake kamar mai ƙirga buhuna. Da ya samu mai sauraro sai ya fara sa musu rai. Wani wuri ya kausasa murya, wani wuri ya sassauta ta ta yi siriri tana rawa, kamar mace mai roƙo. In ya zo irin wannan wurin sai Hembadoon ta kama kuka wiwi, shi ma idonsa ya yi ja. In sun gama ya kama hannunta ya ɗaga ta, ya kakkaɓe mata gwiwa.

"Maigida, yau addu'ar ta yi zafi."

"Ta yi, Kaka."

"Me aka ce a ciki?"

"Abin da yawa, Kaka. Wata rana zan faɗa miki."

"Bari, bari. Fada ma ba ya faɗa."

Ya koma makaranta, aka ce ya fi kowa a wannan darasi. Ya dawo hutu na biyu suka ɗora daga inda suka tsaya. Matsalar ita ce Hembadoon ba ta iya ɓoye alheri. A kasuwa duk wadda ta tsaya taya doya sai ta ji labarin jikan da ke addu'ar Fada. Matan coci suka fara leƙowa da la'asar, biyu, uku, su durƙusa a bayanta. Rahmatu matar Na'Allah mahauci, mutuniyar Kwandere, wadda ɗakinta ke ɗaya gefen, da ta ji an fara sai ta yafa mayafi ta kwaɗe 'ya'yanta su yi shiru. Ta ce addinin wani ne, amma ambaton Allah ai ba a yi masa surutu.

Martin ya fara ramewa a tsaye. Na ji shi wata rana yana lallaɓa ta.

"Kaka, ki ce wa matan nan su daina zuwa. Karatun makaranta ne."

"To makarantar ta wa ce? Ba ta Fada ba ce?"

"Tasa ce, amma…"

"Kai dai kana da rowa. Halin kakanka ne, shi ko gishiri ba ya so a ara."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, maganar ta mutu a nan.

Sai ga ranar da Ngodoo, wata yarinya matar ɗan dako, ta shigo da jaririnta jiki kamar garwashi, wuya ya langaɓe. Hembadoon ce ta jawo ta har gaban Martin. Ya ce a kai shi asibiti. Suka ce za a kai, amma a fara da addu'a. Ya ajiye littafin ya fara addu'ar gaskiya, wadda suke yi a makaranta. Hembadoon ta buɗe ido ɗaya.

"Ba wannan ba, Maigida. Ta baƙin littafi."

Uwar jaririn na kuka, Hembadoon na kallon Martin. Ya ɗauki littafin ya karanta. Aka kai jaririn asibiti aka yi masa allura, bayan 'yan kwanaki ya warware yana tsotson yatsa. Kun san mutane. Ba wanda ya ƙara tuna allura. Aka fara kawo ƙwai, da gyaɗa, wata ma daga Ashige ta turo zakara.

Ƙwan nan shi ya jawo komai. Katikis Norbert mutum ne mai son girma, da ɗan Turancinsa da ya tsinta a wurin Fada, kuma kafin wannan lokaci duk ƙwan da zai fita daga gidajen matan coci gidansa yake nufa. Matarsa Francisca ce ta fara lura kwandon ya yi sauƙi. Wata la'asar sai ga shi da kekensa, ya jingine shi a bakin zaure ya shigo ba sallama. Mata sun kai goma a durƙushe. Martin bai gan shi ba, ya ba da baya, yana cikin siririyar muryar nan. Norbert ya tsaya ya karkata kai yana saurare. Can sai ya taka ya zare littafin daga hannun yaron, ya ɗaga tabarau, ya bi shafin da yatsa, baki na motsi. Ya juya baya ya duba, ya dawo.

Sai ya fashe da dariya, har da riƙe ciki.

"Ku tashi, ku tashi, iyayena! Kun san abin da kuke ce wa amin?"

Da Hausa ya yi maganar, don har na bayan zana su amfana.

"Tatsuniya ce! Wata matar mai gasa burodi ce a ƙasar Turawa, ta ajiye jaririnta a ƙofar gidan yayarta da asuba, ta bi wani mai busa sarewa. Ga ta nan tana roƙonsa kada ya bar ta. Wannan ne kuke wa kuka! Mama Hembadoon, ke da ko Fada ke yaba miki, kin kashe gwiwarki a gaban karuwa!"

Wata ta ce, "Yesu!" Wata ta fara dariya ta toshe baki. Ngodoo ta janye ɗanta ta rungume kamar an watsa masa wani abu. Rahmatu daga ɗakinta ta ce, "To, ni mayafina kawai na ɓata."

Hembadoon ba ta tashi da wuri ba. Ba ta dubi Norbert ba ko sau ɗaya. Jikanta ta duba.

"Maigida, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Kaka."

"Ba sunan Allah a ciki?"

Ya kau da kai.

"Ranar farko, da na durƙusa, ka sani?"

Na zuba ido ta hujin nan ina cewa a raina, yi magana mana, yaro, faɗi wani abu ko mene ne. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Ya miƙa hannu zai ɗaga ta kamar yadda ya saba. Ta kauce, ta rarrafa ta kama jikin mangwaro ta miƙe da kanta.

Washegari da sassafe ta ɗauki kwando ta bi gida gida tana mayar da ƙwai. Waɗanda aka riga aka ci ta saya a kasuwa ta cika. Zakaran Ashige ma sai da ta samu mai zuwa can ta ba shi. A kowace ƙofa ta tsaya ta ce, "Ni na kira ku. Ku yafe mini." Daga nan ta wuce gidan mishan ta faɗa wa Fada ta yi sujada ga abin da ba Allah ba, ta kuma ja wasu sun yi. Aka ce Fada ya ce mata ba laifi tunda ba ta sani ba. Ba ta yarda ba. Ita ta yanka wa kanta azumi, ta yi ta yi har wuyanta ya fito.

Ba ta zage shi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Abinci na nan a kan lokaci, wanki na nan. Da yamma ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Malam Martin, ga tuwo."

Malam Martin. Ni kaina da na ji sai da tsikar jikina ta tashi.

Ya gwada. Washegari ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, yau ma miyar ta ƙone?" Ta ce, "Yi haƙuri, gobe zan kula." Bai sake gwadawa ba.

Baƙin littafin ya koma ƙasan akwati. In zai yi karatu sai ya tafi can bayan rumbun tasha inda ake jibge buhunan riɗi, ya zauna shi kaɗai yana yi a zuci. La'asar a gidan ta zama abin tausayi. Ita tana ɓarar agushi, shi yana zaune kan turmi yana taya ta, ba ka jin komai sai ƙas, ƙas. Sau da yawa nakan ga ta ɗago kai ta buɗe baki, sai ta ce, "Miƙo faifan can." Shi ma ya kira ta, "Kaka," ta ce, "Na'am," ya ce, "Kamar za a yi ruwa." Hutu biyu suka cinye a haka. Har na gaji na daina leƙawa, don ba abin gani.

Hembadoon ta rasu cikin daminar 1957, Martin yana makaranta, ana saura kaɗan ya gama. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kafin saƙo ya isa gare shi ya samu jirgi, an riga an binne ta. Ya tarar da mu zaune a tsakar gidan, matan coci a tabarma ɗaya, mu maƙwabta a ɗaya. Ya gaishe mu ya zauna kan turmin nan, bai yi kuka ba.

Ana ta faɗin alherinta, kowa na kawo nasa. Sai Francisca matar katikis ta gyara zama. Ita ma bakinta ba ya riƙe ruwa, ko da yake ba ta kai ni ba.

"Allah sarki Mama. Mu kam mun huta da tambaya."

Rahmatu ta ce, "Wace tambaya?"

"Au, ba ku sani ba? Ai tun bayan abin nan take zuwa gidanmu. Ta bi ta bayan gida, ta kawo doya mai kyau, ta zauna ta yi ta gaishe-gaishe. Sai ta ga ba kowa, ta matso kusa da maigidana ta ce, Katikis, matar nan ta littafi, ta koma ta ɗauki ɗanta?"

Wallahi ban sani ba. Da na sani da Lafia duka ta sani kafin magariba, da kuma ya kai kunnen wanda ya kamata.

Martin ya ɗago kai.

"Me Katikis ya ce mata?"

"Me zai ce? Shi ai shafin nan kawai ya gani. Ya ce mata bai sani ba, ta bar zancen banza. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce ko zai tambayar mata Fada. Ya ce shi ba zai je gaban Fada da maganar mai busa sarewa ba. Ni ce ma na ce mata, Mama, ga mai littafin a ɗakinki, kina ba shi tuwo safe da yamma, ki tambaye shi mana."

"Ta ce me?"

"Ta ce a'a. Ta ce yaron nan kunya ta riga ta kama shi, ko idona ba ya iya kallo. In na tayar da zancen zai ɗauka gori nake masa. In shi ya kawo da kansa, to. Ta ce, ni dai na yi wa matar nan kuka da yawa ban san ta ba, ina so in san ko ta shiryu. Har makon da za ta kwanta sai da ta zo."

Ngodoo ta cire nono daga bakin sabon jaririnta ta mayar. Francisca ta dubi fuskokinmu, sai a lokacin ta gane abin da ta yi, ta fara gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Rahmatu ce, da yake ba ta iya barin abu a rataye, ta matsa ta ce a hankali, "To ɗan nan, ta koma ɗin?"

Ya juyo ya dube ta.

"Ta koma, Inna. A ƙafa ta koma, ba takalmi. Ta durƙusa a ƙofar yayarta ta roƙi Allah gafara, ta roƙi mijinta. 'Yan shafuka kaɗan ne gaba da inda Katikis ya tsaya." Ya goge hanci da bayan hannu. "Na riga na haddace wurin tun kafin ranar. Yana bakina."

Rahmatu ta ce, "Ayya."

Ya tashi ya shiga ɗakin tsohuwar ya sako labule. Muka ɗan ƙara zama, sai hadari ya haɗo ta gabas, kowa ta naɗe tabarmarta.